Tambayi Likita: "Baba, cire takalmin mu ga ƙafar"

Assalamu alaikum. Saƙonni huɗu na ɗauko a wannan wata, kuma duk a kan ƙafar mai ciwon suga suke. Biyu daga abokan aiki suka fito, biyu daga gida. Na cire sunaye kamar yadda muka saba, na ɗan rage tsawon wasu. Amsar farko za ta ci wuri, ku yi haƙuri, mai tambayar ta sosa min inda ke min ƙaiƙayi ne.

TAMBAYA: Salam Likita. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a jihar Jigawa, shekarata tara ina aiki. An sa sunana cikin waɗanda za su je bitar kwana uku a kan kula da ƙafar masu suga, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Mu biyu ne kacal a asibitin, in na tafi abokiyar aikina ita kaɗai za ta ji da awon ciki da rigakafi da haihuwa. Kuma mu ba tiyata muke yi ba, ba mu da na'urar komai sai ta gwajin suga da ta hawan jini. Na sha zuwa bita, a zauna a haska hotuna a bango, a raba satifiket da kuɗin mota a watse. Wannan ba aikin manyan likitoci ba ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki je. Ki nemi wadda za ta riƙe miki kwana ukun nan ko da sai kin rama mata da mako guda. Bari in ba ki labarin abin da ya faru a hannuna, sai ki auna.

Shekarun baya ina ƙaramin likita a wani asibitin gwamnati, ni ke ganin masu suga duk ranar Talata. Akwai wani dattijo tela da ba ya fashin wata. Mutum ne mai tsafta, kullum cikin farin yadi da baƙin takalmi sau-ciki. Zai zauna, in duba takardar gwaji, in ce Baba sugan ya ɗan hau, a rage tuwon dare, in gyara masa magani, ya sa min albarka ya tafi. Kusan shekara biyu muna haka. Wata Talata sai ga ɗansa ya turo shi a keken marasa lafiya, zazzaɓi ya rufe shi, wari kuwa ya riga su shigowa ofis. Da muka zare safar, ƙasan babban yatsa ya yi rami, bayan ƙafar ya kumbura ya yi baƙi-baƙi. Yaron ya miƙo min takalmin a leda. Na zura hannu ciki sai na ji tsinin wata 'yar ƙusa, irin wadda masu gyaran takalmi ke bugawa, ta ɓullo daidai inda ramin yake. Na ce Baba, ba ka ji zafi ba? Ya ce, "Likita, ai ta daɗe kamar auduga nake takawa, na ɗauka tsufa ne."

A cikin makon aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Ta dama ce, kuma kekensa na ɗinki irin na takawa ne. Da daddare na ɗauko katinsa na bi shi shafi-shafi. Rubutuna ne tun daga farko har ƙarshe, lambobin suga da na hawan jini a jere, babu layi ko ɗaya da ya ambaci ƙafa.

Na karanta ciwon suga a makaranta, na ci jarrabawarsa. Amma ban iya cewa majinyaci ya cire takalmi ba sai bayan wata bita ta kwana biyu da aka tura ni daga baya, inda wata tsohuwar nas ta sa dukkanmu, likitoci da nas-nas, muka tuɓe takalma da safa muka gwada juna, sannan aka shigo da majinyata na gaske muka durƙusa gabansu. Tun daga ranar ba na rubuta wa mai suga magani sai na ga tafin ƙafarsa.

Kin ce aikin manyan likitoci ne. Dubi yadda abin yake tafiya. Suga in ya daɗe yana hawa yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji, ya kuma ƙuntata hanyoyin jini. Ji ya dusashe, mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai sani ba. Fata ta daina gumi, ta bushe, kaushi da faso su fito. Yatsu su lanƙwashe, nauyin jiki ya koma kan wuri ɗaya, wurin ya yi kanta. Ƙarƙashin kantar jini ya kwanta, wata rana ta fashe ta zama miki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙwayoyin cuta su bi ta nan su gangara har ƙashi. Kusan kashi 85 cikin 100 na ƙafafun masu suga da ake yankewa, miki ne mafarinsu. Daga kanta zuwa ɗakin tiyata akwai watanni, wani lokaci shekaru, kuma duk tsawon lokacin nan majinyacin bai taɓa ganin likitan fiɗa ba. Ke yake gani, ranar da ya zo gwajin suga, ko ranar da ya kawo jikarsa rigakafi.

Tsakanin 2016 da 2017 likitocin suga sun bi majinyata 336 da aka kwantar saboda mikin ƙafa a manyan asibitoci shida na Najeriya, har da na Kano da na Zariya. Fiye da ɗaya cikin uku sai da aka yi musu yanka, wajen ɗaya cikin biyar kuma sun rasu. Mafi yawansu sun iso ne miki ya riga ya yi zurfi. Manyan likitocin da kike magana suna nan a waɗannan asibitoci, da ilminsu da kayan aikinsu, amma ƙafar takan iso musu bayan aikin gama ya gama.

Ƙorafinki a kan bita gaskiya ne, ni ma na zauna a irin waɗanda kika kwatanta. Sai dai akwai wadda aka gwada aka ga amfaninta, kuma a ƙasa mai kama da tamu. A farkon shekarun 2000 aka ƙirƙiro wani shiri mai suna Step by Step, wato daki-daki, aka fara shi a Indiya da Tanzaniya da wasu maƙwabtan Indiya. A Tanzaniya Dakta Zulfiqarali Abbas na Dar es Salaam ne ya ja ragamarsa. Tsarinsa shi ne ba a gayyatar mutum ɗaya daga asibiti, sai likita da nas tare, don kada wanda ya koyo ya koma ya rasa abokin aiwatarwa. A yi musu 'yan kwanaki ana aiki da hannu a kan ƙafafun majinyata, a ba su ƙananan kayan aiki su koma gida, bayan shekara su dawo da rajistar waɗanda suka duba, a tattauna, a ƙara musu darasi na gaba. Kuma sharaɗi ne su koyar da wasu a yankinsu. Yanke ƙafa ya ragu a wuraren da aka yi shi, shi ya sa aka kai shirin ƙasashe da dama daga baya. Da wannan za ki auna bitar da za ki. In rana ta farko ta wuce ba wanda ya cire takalmi, ki ɗaga hannu ki roƙi a yi.

Abin da nake so ki dawo da shi a hannunki ba ya buƙatar wutar lantarki. Na farko gwajin ji. Akwai wani siririn zaren roba mai kama da igiyar fatsa, ana ce masa monofilamen, wanda ake dannawa a tafin ƙafa har ya lanƙwasa, daidai nauyin giram 10. Ana gwada ƙasan babban yatsa, da tudun da ke gindinsa, da tudun da ke gindin ƙaramin yatsa, majinyaci ya rufe ido, a kauce wa inda kanta take. In ba a ba ku shi ba, kada ki damu. Likitoci a asibitin Ipswich na Ingila sun fito da wani gwaji a 2011 wanda yatsanki manuni kawai yake buƙata. Majinyaci ya rufe ido, ki ɗora yatsanki a hankali a kan babban yatsan ƙafarsa, da na tsakiya, da ƙaramin, a ƙafa biyun, wuri shida ke nan, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu kowanne. Ba dannawa, ba ƙwanƙwasawa, ba maimaitawa. In bai ji biyu ko fiye ba, ƙafarsa ta rasa mai gadinta.

A nan zan ɗan ratse. Wani ɓangare na wannan ilmi daga wajen kula da masu kuturta aka samo shi. Wani likitan fiɗa ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore ta Indiya a 1946, daga baya ya koma Carville a Amurka, shi ya nuna cewa yatsun kutare suna ƙarewa ne saboda rashin ji, rauni kan rauni a wurin da ba ya zafi. Saboda haka in a ƙaramar hukumarku akwai tsohon jami'in tarin fuka da kuturta, musamman wanda ya yi horo a cibiyar Saye ta Zariya, ki neme shi. Ya san gwajin ji, ya san kankare kanta, ya san irin takalmin da ke kare tafin da ba ya ji. Malami ne a kusa da ke.

Na biyu bugun jini. Wuri biyu ake lalubawa: a bayan ƙafa, kan layin da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, sai kuma bayan idon sawu ta ciki. Wannan sai an yi ta yi kafin yatsa ya saba, don haka ki laluba na duk wanda ya yarda a wurin bitar. Ki kuma tambayi majinyaci ko sha-raɓarsa na ciwo in ya yi tafiya, ta lafa in ya tsaya. Ƙafa mai sanyi, marar gashi, wadda ba a jin bugunta, ba a sa mata wuƙa a ƙaramin asibiti ko da kankarar kanta ce.

Sauran aikin ido ne. Ki buɗa tsakanin yatsu, nan ne danshin alwala ke kwanciya fata ta yi fari ta tsage. Ki duba dunduniya. Ki ɗauki takalmin ki zura hannu ciki, kamar yadda ban yi wa telan nan ba.

Daga nan sai ki raba su, don ba kowa ne zai ci lokacinki daidai da wani ba. Ƙungiyar ƙwararru ta duniya a kan ƙafar masu suga, IWGDF, ta tsara shi da sauƙi. Mai ji lafiya lau da bugu lafiya lau, sau ɗaya a shekara ya isa. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin biyun, duk wata shida zuwa shekara. Wanda ya rasa biyun, ko ya rasa ɗaya ga kuma yatsu sun lanƙwashe, duk wata uku zuwa shida. Wanda ya rasa ji ko bugu kuma ya taɓa yin miki, ko an taɓa yanke masa yatsa, ko yana wankin ƙoda, duk wata ɗaya zuwa uku. Ki sayi littafi mai tauri ki ja layuka, ki sa jan biro a sunayen rukunin ƙarshe.

Abu ɗaya kada ki baro wurin bitar ba tare da shi ba: lambar wayar wanda za ki kira a babban asibiti. Duk mikin da ke fitar da mugunya ko wari, ko jan da ke gefensa ya bazu fiye da santimita 2, ko wani wuri ya yi baƙi, ko kika hango ƙashi, a ranar zai tafi. Kada ki jira zazzaɓi, mai suga yakan ruɓe daga ciki jikinsa ba zafi. In kin dawo kuma, ki zaunar da abokiyar aikinki ki koya mata duka, tun da ita ta riƙe miki asibiti.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni likita ne mai hidimar ƙasa a wani babban asibiti a jihar Katsina. Tambayata biyu ce. Akwai wata mata mai kimanin shekara 55, shekara 14 tana da suga. Ƙafarta ta hagu ta kumbura, ta yi ja, ta yi zafi in an taɓa, amma babu miki kuma ta ce ciwon kaɗan ne. Sau biyu ina ba ta antibayotik ba canji, hoton ƙashi bai nuna komai ba. Na biyu, lokacin sabunta lasisi ya kusa, ina neman maki. Akwai laccocin intanet da ake samun maki cikin sauƙi. Laifi ne in tara nawa ta nan?

AMSA: Ƙanena, ka fara da matar, yau ɗin nan in da hali. Ƙafa mai zafi da kumburi a jikin wanda ya daɗe da suga kuma ji ya mutu, ba miki, ka ɗauke ta a matsayin ƙafar Charcot har sai ka tabbatar ba ita ba ce. Sunan wani likitan Faransa ne, Jean-Martin Charcot, wanda ya bayyana irin wannan rugujewar gaɓoɓi a 1868. Ƙasusuwan tsakiyar ƙafa ne ke laushi suna karyewa kaɗan-kaɗan, mai ita kuma tana ta takawa don ba ta jin zafin da zai zaunar da ita. Hoton ƙashi na makonnin farko yakan fito lafiya, shi ya sa ake ruɗuwa. Ka kwantar da ita ka ɗaga ƙafar sama da ƙirjinta na minti goma. In jan ya ragu sosai, ya fi kama da Charcot, don jan da ƙwayar cuta ta kawo ba ya gushewa da ɗagawa. Ka auna zafin fatar ƙafa biyun in kana da ma'aunin goshi, bambancin da ya wuce digiri 2 abin lura ne. Bugun jini sau da yawa za ka ji shi da ƙarfi. Ka kawar da zargin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, ka sake hoto tana tsaye a kan ƙafar.

Maganinta hana takawa ne. A sa mata filasta har ƙasan gwiwa, a riƙa canzawa duk mako ɗaya ko biyu ana duba fata, a ba ta sanduna, kuma a gaya mata tun yanzu cewa abin na watanni ne. Ka tura ta ga likitan ƙashi, amma kada ta fita daga ofishinka da ƙafarta tana takawa. In aka bari, tafin zai rufta ya bankaro ƙasa kamar gindin ƙwarya, a nan miki zai fito, kuma irinsa da wuya ya warke.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu. Ba laifi ba ne. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, tana neman maki 20 na ƙaro ilmi a shekara kafin sabunta lasisi, hukumar nas-nas da ungozoma ma tana da nata tsarin na dole, kuma wanda ke nesa da birni intanet rahama ce gare shi. Abin da ba na so shi ne a kunna lacca a waya a ajiye ta a aljihu har ta ƙare. Ka bar majinyatanka su zaɓa maka darasi. Matar nan ta riga ta zaɓa maka na bana. Ƙa'idojin IWGDF, waɗanda aka fara fitarwa a 1999 aka kuma sabunta a 2023, kyauta suke a intanet, akwai taƙaitaccen sashe na masu aiki da hannu wanda za ka gama a zama biyu. A ciki za ka ga abubuwan da mu da yawa muke kuskurewa: mikin da bai nuna alamar ƙwayar cuta ba ba a ba shi antibayotik, ana zura ƙarfe mai tsafta marar tsini a miki don a ji ko ya taɓo ƙashi, kuma mikin tafin ƙafa ba ya warkewa muddin ana taka shi, komai tsadar abin da aka shafa masa.

Kankare mataccen nama da sa filasta kuwa ba a koyonsu ta waya. Ka roƙi shugaban asibitinku ya ba ka ko da Talata huɗu ka je asibitin koyarwa mafi kusa ka tsaya bayan wanda ya iya. Ka tafi da nas ɗin da ke wankin miki a asibitinku, domin kai shekara guda za ka yi ka wuce, shi kuwa yana nan.

TAMBAYA: Likita, daga Maraɗi nake rubutowa. Mahaifina yana da suga, wata huɗu ke nan wani gyambo ya fito masa a ƙasan ƙafa. Ba ya masa ciwo, yana zuwa kasuwa da shi. 'Yan'uwa sun ce daji ne, kuma daji ba ya son allura ko ƙarfe, ana ta shafa masa magani na gida. Shi ma ya rantse ba zai je asibiti ba, wai duk wanda ya kai ƙafa can sai an yanke. Yanzu ya fara wari. Yaya zan yi?

AMSA: Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri da ka damu. Warin nan shi ne abin da ya tayar min da hankali. Kada a kai mako, a kai shi babban asibiti gobe.

Na san maganar daji ba ya son allura, na tashi ina jin ta a gidanmu. Gyambon Baba na suga ne, kuma in ƙwayar cuta ta yi zurfi allurar ce ke tsayar da ita. Rashin ciwon da yake sa kowa ya kwantar da hankali, shi ne babbar alamar haɗarin. Tsoron da yake ji kuma kada ka raina shi, ya ga waɗanda aka yanke wa da idonsa. Abin da bai gani ba shi ne watannin da suka yi a gida kafin su je. Waɗanda suka je da wuri aka wanke aka sallame su suna nan suna yawo a kasuwa da takalmansu, ba mai nuna su.

Kada ka tunkare shi da gardama a gaban iyali, dattijo ba ya son a ga ɗansa ya juya shi. Ka nemi wanda yake jin nauyinsa, amininsa ko limamin unguwa, su yi magana su biyu. A gaya masa gaskiya: ba a yi wa mutum tiyata sai da yardarsa da sa hannunsa, don haka zuwa a duba ba ya nufin an yanke. A asibiti za su wanke, su cire mataccen nama, su duba ko ya kai ƙashi, su auna jinin da ke isa ƙafar, wataƙila su mayar da shi kan insulin na ɗan lokaci, su yi masa rigakafin sandarewar wuya wato tetanus. In sun ce yatsa ɗaya ya mutu sai an cire, ku yarda da wuri. Na ga mutane da yawa da suka ƙi ba da yatsa, bayan mako uku aka ɗauke ƙafar har gwiwa.

Kafin ku isa, a daina shafa komai. Ba toka, ba garin magani, ba baƙin mai, ba tsaga, ba jiƙawa a ruwan zafi. A wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, a rufe da bandeji mai tsafta, kuma ya daina takawa, kasuwa ta jira. In Allah ya sa ya warke, aikinka bai ƙare ba, domin kusan huɗu cikin goma mikin yakan dawo musu cikin shekara guda. Kai ko wani jikansa ku riƙa duba masa tafin kullum bayan sallar isha'i da fitila, ku zazzage takalminsa kafin ya sa, a bar kai shi wurin masu yankan farce na bakin hanya, kuma lokacin sanyi a nisanta masa kaskon wuta. Duk hunturu sai an kawo min wanda ya yi barci yana jin ɗumi ya farka da ƙuna a dunduniya.

TAMBAYA: Likita, ni tsohuwa ce mai suga, Allah ya nufe ni da zuwa aikin Hajji bana. Ƙafafuna suna min kamar ana yayyafa barkono da daddare. Me zan kiyaye?

AMSA: Mama, Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya. Barkonon nan alama ce jijiyoyin ji sun fara taɓuwa, don haka kafin tafiya ki je a gwada miki ƙafa, kuma kada ki sa lalle kafin ranar, yana ɓoye launin fata da na farce. Ki sayi takalmi rufaffe mai laushin ciki, mai faɗin gaba, da yamma za ki gwada shi lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya fi ƙafarki tsawo da kamar faɗin yatsa. Ki fara sa shi tun yanzu kaɗan-kaɗan, kada ranar tafiya ta zama ranarsa ta farko. Mace tana ihrami da safarta da takalminta, ki sa farar safa don in wani wuri ya fashe ki gani a jikinta.

Tafiya tana da yawa, Safa da Marwa kaɗai ta kai kilomita uku. Abin da ya fi ƙona alhazai masu suga shi ne takalmi ya ɓace a ƙofar masallaci, mutum ya ce bari in lallaɓa masauki a haka, kwalta da rana ta gasa ta saɓule masa tafi bai ji ba. Ki ɗinka 'yar jaka ta rataye, in kin cire takalmi ki jefa shi ciki ki shiga da abinki, ki kuma ajiye silifas na biyu a cikinta. Bayan kowace alwala ki tsane tsakanin yatsu da ƙyalle. Da daddare ki shafa mai a dunduniya da tafi, ban da tsakanin yatsun, ki ba abokiyar ɗakinki ta haska miki ƙasan ƙafar da fitilar waya. In ta ga ƙuna ko bororo, kada a fasa shi, ki nufi asibitin alhazai a daren.